Kwana Shida a Yamai, da Jika Talatin Marasa Suna

Waɗanda muke ƙungiya ɗaya da su a nan Maraɗi sun san ban zo zubi ba a sati na biyu na watan Satumba. Ɗiyata ce ta kai nawa, har mai ajiyarmu ta aiko min da saƙo wai in na dawo sai na biya tarar fashin taro. Na biya, ban yi gardama ba, doka ce mu muka kafa ta. Amma na yi alkawarin zan faɗa muku inda na tafi da abin da na tarar, to ga shi.

Ƙanwata ce ta kira ni daga Yamai, dare ya yi nisa. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Yaya, in ba ki zo ba ni zan zo, kuma da kayana zan zo." Duk wadda ta yi zaman aure ta san abin da "da kayana" ke nufi. Shekara 16 da aurenta, 'ya'ya huɗu, babbar bana za ta zauna jarrabawar BEPC. Mahaifiyarmu ta rasu, ni ce uwa yanzu. Na ce ta kwanta, jibi ina tafe.

Motar asuba na shiga. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, hanya guda ce miƙaƙƙiya: Gidan Rumji, Madawa, Galmi garin albasa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Damina ta zo ƙarshe, gero ya fid da kai hagu da dama, wasu har sun fara yanka. Bayan Birnin Gaure kowa ya manna ido a taga wajen Kure ko zai hangi raƙuman dawa, ni dai ban ga ko wutsiya ba. Abin da na gani shi ne bakin jakata yana ta buɗewa. Jika 5 na ware na guzuri, zuwa da komowa. Kafin mu bar Doso na kashe 3: tsire a Ƙonni, dabino na tsaraba, ruwan sanyi, sadaka a kowace tasha. Na faɗi wannan ne don kada wata ta ɗauka mai tafiya sasanta mutane ta fi su iya riƙon kuɗi. Ga 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka da ke karanta mu, jika guda sefa 1,000 ke nan, dala kuma sefa 5.

Da la'asar muka shiga Yamai. Tun 1926 da Turawa suka ɗauko babban birni daga Damagaram suka kawo nan bakin kogin Kwara garin yake ta ƙaruwa, a ƙidayar 2012 ma mutanensa sun haura miliyan ɗaya, balle yanzu. Na tare taksi mai jan kai na ce Bukoki. Direba ya dube ni ya dubi buhun gerona, ya ce kuɗin mutum biyu. Tun daga nan garin ya fara karɓar nasa.

Bukoki unguwa ce mai cunkoso, Hausa ake ji ta ko'ina, gauraye da Zabarmanci. Gidan haya suke, ɗaki biyu da falo, maƙwabta biyar a tsakar gida ɗaya, mitar kuran ɗaya. In takardar kuran ta zo sai a zauna a ƙirga ƙwai nawa kowa ke kunnawa, fanka nawa, wa ke da firiji. Ƙanwata na da firiza da take sana'ar zoɓo da lemun citta da ƙanƙara, don haka kasonsu ya fi na kowa. A kwana biyun farko na lura da abin da mu na Maraɗi ba mu cika ji a jikinmu ba. Mu ko yaya ne akwai damin gero daga gona, akwai zogale a bayan ɗaki, akwai ɗan uwa mai kawo kara. A Yamai komai saye ne. Gawayi saye, ganyen miya saye, in famfo ya ɗauke sai ka kira mai ga-ruwa, hatta shara sai ka biya a kwashe. Kalmar Zabarmanci ta farko da yaran gidan suka koya min ita ce "marje", wato nawa, ta biyu kuma "nooru si", babu kuɗi. Suka ce in na riƙe waɗannan biyun na iya zaman Yamai.

Da dare bayan yara sun kwanta, maigidan ya fita fada wajen abokansa masu shayi, ta zauna ta zazzage min. Saura sati uku a koma lakwal. Kashi na farko na kuɗin makarantar yara uku, da littattafai da tufafin makaranta, jika 75 ake nema. Ta tambaye shi, ya ce babu. Ta ce ina albashin? Ya ce ina ribar zoɓo? Daga nan magana ta hau, har ya ce in abin ya gagara a cire babbar daga makarantar kuɗi, ita kuma ta ce shekarar jarrabawa ba a canza wa yaro makaranta, sai dai a cire ta ita daga gidan. Abin da ya fi ƙona mata rai, a bakin matar abokinsa ta ji cewa ragon layyar da suka yanka bashi ne. Ya karɓi jika 60 a wurin aiki, abin da suke ce wa abans, ana zare masa 10 kowane wata har Disamba.

Wadda ba ta taɓa yin Babbar Salla a Yamai ba za ta ce me ya kai shi. Can ba a soya nama a ɓoye cikin gida. A bakin titi ake feɗe rago, a baje shi a kan itace biyu da aka gitta, a jera su kewaye da wuta, su wuni suna gasuwa, sai washegari a raba. Duk wanda ya wuce yana ganin na kowa, yana kuma ganin ƙofar da ba a jera komai ba. Namiji mai albashi ya je kasuwar Turaku ya dawo hannu wofi, yaransa na kallon na maƙwabta, abu ne mai nauyi. Ban ce ya kyauta ba. Na dai gane.

Na bari ta gama, sannan na ce, "To ke fa? Zubinki na tafiya daidai?" Sai ta yi shiru tana wasa da bakin zanenta. Ashe akwatin ƙungiyarsu na bin ta jika 30. Ta karɓa da sunan ƙarin jari, ta yi anko uku da su, abin da a Yamai suke kira iniform, ga gudummawar biki, ga lalle, ga kitso. Kuma wata shida ke nan tana tsakurar dala 40 daga jika gudan da yake ba ta na cefane kullum, tana haɗa kuɗin zubi. Miya ta yi ta tsinkewa, shi yana ƙorafin ba ta iya girki kamar da ba, ita tana cewa tsadar kasuwa ce. Tsadar kuwa gaskiya ce, sai dai ba ita kaɗai ba.

Na ce mata, "Kin ga, ku biyu kun yi abu iri ɗaya, kowa yana jin haushin ɗan uwansa don ya yi abin da shi ma ya yi." Ba ta ji daɗin maganar ba. Ta juya min baya ta kwanta.

Ranar Lahadi ta ja ni zuwa foyandi. Haka Zabarmawa ke kiran taron wunin da mata ke yi gida-gida, a ci, a yi hira, a yi zubi, mai masauki ta kwashe. Su 12 ne, jika 5 kowace a wata, kwasa jika 60. An kawo dambu da kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli, wanda in gaskiya za a faɗa sun fi mu iya shi. Da suka ji daga Maraɗi nake sai aka fara tsokana, wai ga uwayen asusu sun zo. Ni kuwa ban ƙi ba. A jiharmu ne a 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara, tare da wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norway, Moira Eknes. Adashin da iyayenmu suka sani aka ɗora a kai, aka ƙara masa ba da rance daga cikin abin da aka tara, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku daban, da fasa asusu in shekara ta zagayo. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da yawa na Afirka har da Asiya. Ƙanwata tana cikin duka biyun, foyandi na wata-wata da asusun sati-sati a unguwarsu.

Ban faɗi sirrin gidan ƙanwata ba, na dai jefa tambaya: a cikinku wa mijinta ya san nawa take zubi? Aka kwashe da dariya. Biyu suka ɗaga hannu. Sai wata Hajiya, dattijuwa mai sayar da zannuwa a Babbar Kasuwa, ta aje cokali ta ce da ni, "Ɗiyata, kada ki zo daga Maraɗi ki lalata mana yara. Namiji in ya san abin da ke cikin kwallarki, ranar zai rage cefane. Na gani da idona." Ta ce tana da shago tun kafin gobarar 1982 da ta cinye tsohuwar kasuwar. Ta ga watan Janairun 1994 da aka karya darajar sefa, aka kwana aka tashi abin da ke hannunta rabinsa ya tafi in za ta sayo kaya daga waje. Ta ga takunkumin 2023 bayan juyin mulki, lokacin da aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke kuran, mutane suna layi a banki ba sa iya fitar da kuɗinsu yadda suke so. Ta ce a duk waɗannan abin da ya tsamo gidanta shi ne abin da ta ɓoye, wanda ko mijinta, Allah ya ji ƙansa, bai san da shi ba. "Da ya sani, da ya ƙara aure da shi."

Aka yi shewa. Ni ban yi ba, don na san akwai gaskiya a maganarta, kuma kowaccenmu ta san gidan da hakan ta faru. Addini ma ya bar wa mace dukiyarta, ci da sha da sutura da wurin kwana a wuyan miji suke, ko da ita ta fi shi samu. Ba zan taɓa ce wa mace ta juye jarinta gaban miji ba. Amma a hanyarmu ta komawa gida na yi ta juya abin a raina. A ƙungiya, in mace ta zuba dala 100 sai mai ƙirga ta ɗaga ta faɗa da ƙarfi, kowa ta ji. In ta ci rance sai an faɗi ranar biya gaban mutum 25. Shi ya sa akwati ba ya ɓata. Mu ɗin nan da muka iya wannan, in muka shiga gida sai mutum biyu su shekara 16 ba wanda ya taɓa faɗa wa ɗan uwansa lamba ɗaya. Abin da Hajiya ke karewa jari ne, abin da aka riga aka tara. Abin da ke kashe gidan ƙanwata kuwa kuɗin da ke shiga yana fita kowane wata ne, ba wanda ya san ta ina.

Washegari da sassafe muka gangara bakin kogi wajen Yantala, inda take sayen na'ana'a da lemun tsami na sana'arta. Ban taɓa ganin Kwara a cike haka ba, ruwan jawur kamar an dama jar ƙasa. Daga nesa ana hangen Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, motoci da babura da masu tura amalanke suna ta haurawa Haro Banda, wato bayan ruwa. Matar da muke saye wurinta Bazabarma ce, Hausarta rabi da rabi, mijinta ke noman lambun, ita ke kai wa kasuwa. Ta bayyana min cewa kogin sau biyu yake cika. Wannan jan ruwan na damina ne, daga ruwan saman da ake yi nan kusa, yakan zo a Agusta da Satumba, kuma shi ne mai ɓarna. Akwai na biyu da ke tasowa tun daga Gini ya ratso Mali, sai wajen Disamba da Janairu yake isowa a hankali. A 2020 jan ruwa ya kai mita 7, ya fasa madatsa, ya shiga Lamorde da Saga da wasu unguwanni. Lambunsu har da injin ban ruwa ya tafi.

Na ce da me kuka tashi? Ta ce da maraƙin da suka saya suka aje a ƙauye, da asusunta. Sannan ta faɗa min yadda suke yi, ba tare da na tambaya ba, kamar mai faɗin farashin tumatir. Su ba su da albashi, don haka da fangali suke rabo. Salati da kabeji da karas na gida ne, daga ciki ake ci, in an sayar da na lokacin sanyi a cire kuɗin dabba tun kafin a taɓa sauran. Zogale da na'ana'a nata ne, ko biki ta kai ko zane ta saya ba ruwansa. Shi kuma abin da ya kamo da taru da yamma nasa ne, na goro da shayi, ba ta tambaya. Ta ce, "In ya ga na yi sabon zane ya san zogale ne. In na ga ya sayi rediyo na san kifi ne." Ƙanwata na tsaye tana jin mu, tana yi kamar lemun tsami take zaɓa.

Daren Talata na ce da maigidan ina son magana da shi. Kun san yayar mata kusan suruka ce, tunda na zo a tsugune yake gaishe ni, ba ya haɗa ido da ni. Ya fasa zuwa fada, ya zauna a bakin ƙofa. Na aika aka kira ɗiyar maƙwabciyarsu da ke karatun tattalin arziki a Jami'ar Abdou Moumouni ta riƙe mana alƙalami, don in ni na rubuta zai ce na yi son kai, in shi ya rubuta ita za ta ce haka. Da farko bai so ba, ya ce, "Yaya, ku yi haƙuri, wannan ai tonon asiri ne." Na ce asirin da za a tona ranar da aka koro yara daga lakwal ya fi wannan.

Ya daɗe kafin ya faɗi albashinsa. Jika 170. Na saci kallon ƙanwata, na ga ranar ta fara ji, ita a zatonta ya kai 250. Aka shiga jerawa. Haya 35. Buhun shinkafa da masara da mai da gaz 40. Cefanen kullum 30. Kuran da ruwa 12. Man babur 13. Abin da yake aika wa tsohuwarsa a ƙauye 10, wannan ba wanda ya ce uffan a kansa. Yarinya ta haɗa, 140. Saura 30.

Na ce, "Malam, waɗannan 30 ɗin mene ne sunansu?" Ya ce 10 na rago ne. Sauran 20 kuwa ya yi ta lalube: kason shayi da sukari a fada, kuɗin kira da intanet a waya, abincin rana in bai dawo gida ba, gaisuwar mutuwa, suna, ɗan garinsu da ya zo neman aiki ya kwana biyu ba shi da na mota. Ba giya, ba caca, ba wata a waje, abin da ƙanwata ta fi tsoro ke nan ko da ba ta faɗa ba. Dala ashirin nan, dala ɗari can, kafin 20 ga wata aljihu ya bushe. Sai na juya wajenta na ce saura ke. Ta dube ni kamar na ci amanarta. Amma ta faɗa da bakinta: ribar firiza wajen jika 25 in kuran bai yi wasa ba, ta fi haka lokacin zafi, ta ragu lokacin sanyi. Ta faɗi bashin akwati. Ta faɗi dala 40 na cefane. Abin da ta riga ta tara a asusun kuwa ban tambaye ta ba, shi ma da ya buɗe baki zai tambaya na ce wannan ba ya cikin zaman yau.

Da ya ji maganar cefane ya miƙe tsaye. Na zaci fita zai yi. Sai ya koma ya zauna ya ce, "Ashe shi ya sa." Bai ƙara ba.

Ɗalibar ce ta sassauta wurin. Ta ce a karatunsu akwai wani tsari daga Amurka, na wata mata Elizabeth Warren da ɗiyarta, cikin littafin da suka fitar a 2005: kashi 50 cikin 100 na abin da ya zama dole, 30 na abin da rai ke so, 20 na ajiya. Muka gwada shi a kan 170. Wai dole 85, son rai 51, ajiya 34. Maigidan ya yi dariyar farko a daren, ya ce a tambayi matar ko ta taɓa biyan haya a Bukoki. A gidan nan abin dole kaɗai ya haura kashi 80. Ta ƙara da cewa a Japan kuma gidaje da yawa miji kan miƙa wa matarsa albashin gaba ɗaya, ita ta yanka masa na aljihu kowane wata. Ƙanwata ta ce a rubuta wannan. Ya ce to ta nemi ɗan Japan. A ganina dai abin ɗauka a duka biyun guda ne, su ma sai da suka ware kuɗin kashewar mutum suka sa masa iyaka. Yawan kason kuwa gidan kowa da nasa.

Nan aka yi ciniki kamar a kasuwar Katako. Shi ya ce ba zai iya da ƙasa da 15 ba, namiji ba ya zama cikin mutane a kawo kwanon gudummawa ya sunkuyar da kai. Ita ta ce 5 ta ishe shi, shayi ba magani ba ne. Na ce mata ta yi hankali. Na ga mata da yawa a ƙungiyarmu da suka ɗaure kansu da zubin da ya fi ƙarfinsu don a ce sun iya, bayan wata uku suka fara fashi, suka koma cin rance suna biyan zubi da shi. In aka matse mutum ya rasa na goro, zai nemo shi ta bayan gida, kuma daga ajiyar zai ciro. Gara a ba shi abin da zai iya tsayawa a kai. Shi kuma na ce masa sabulu da man shafawa da kitson matarsa ba alfarma ba ne, shekara nawa rabon da ya ba ta wani abu ya ce wannan naki ne? Ya kasa tunawa.

Ga inda aka tsaya, wajen ƙarfe 11 na dare. Cikin 30 ɗin nan, 10 bashin rago har Disamba, 10 aljihunsa, 4 nata na kanta, 6 ajiyar gida. Ranar da albashi ya shigo za a cire 6 ɗin, tun kafin a biya mai gidan haya ma, a sa a asusun waya da aka buɗe don makaranta da layya kawai, ba a taɓawa sai su biyu sun yarda. Daga Janairu 10 ɗin rago su koma ajiya. Ya ce a ƙara masa 2 daga ciki in lokacin ya yi, ta ce sai an gani. Ita kuma daga 25 ɗinta, 8 zubin sati, 5 foyandi, 10 biyan bashin akwati har wata uku, 2 ta haɗa da 4 ɗinsa ta yi harkarta. Cefane ya koma tukunya gaba ɗaya. Ba sabon anko sai bashi ya fita, kuma akwai bikin ɗiyar aminiyarta a Nuwamba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, har ta yi ƙwalla. Duk wadda ta taɓa shiga biki da tsohon zane alhali ƙawayenta sun yi iri ɗaya ta san ba ƙaramin abu ba ne.

Sauran jika 75 na komawa lakwal, waɗanda su suka tada rigimar. Kwasarta ta foyandi sai Janairu. Da safe ta je ta roƙi wadda ke da ta Oktoba su yi musanya, kuma kun san wace ce? Hajiyar Babbar Kasuwa. Ta yi mata faɗa son ranta, ta ce ga abin da take gudu nan, kuɗin mace ya tafi a hidimar namiji. Sannan ta yarda, bisa sharaɗin a rubuta rance ne. Aka yago takarda daga littafin babbar ɗiyar, aka rubuta jika 60, zai biya ta daga Janairu, 5 kowane wata daga abin da ake ajiyewa. Ya riƙe alƙalamin ya fi minti biyu. Ya ce bai taɓa jin inda miji ya sa hannu wa matarsa ba. Na ce shi ma rancen da ya ci a wurin aiki ai ya sa hannu. Ya sa.

Ko za su riƙe wannan tsari, Allah ne masani. Watan Afrilu na nan tafe da zafinsa da takardar kuran mai nauyi, azumi na nan, kuma jika 10 a aljihun mutumin da ya saba da 20 ba wasa ba ne. Na bar su suna magana da juna dai, har ya rako ni tasha a kan babur, buhun da na zo da shi cike da gero yanzu cike da busasshen kifi da tsarabar yara.

A mota, bayan mun wuce Doso, maƙwabciyar kujerata ta tambaye ni abin da ya kai ni Yamai. Na ba ta labarin sama-sama. Ta ce, "To ke naki maigidan ya san nawa kike zubi?" Na ce mata ga Dogon Dutsi can, bari in sauka in yi alwala. Shekara 27 muke tare.

Jika 15 suka rage a kuɗin makarantar. Ƙanwata tana da jajayen awaki biyu da ɗan bunsuru a wurina, tun gadon mahaifiyarmu. Jiya ta kira ta ce in kai bunsurun kasuwa, kada in taɓa mai cikin, kuma abin da ya haura 15 in riƙe mata a nan, kada in aika. Na ce in gaya wa Malam nawa aka saya? Ta ce in gaya masa 15 ɗin sun samu.